Shirin zuwa ƙal'ar Karak da mota daga Madina

Duk wannan magana babbar 'yata ce ta jawo ta. Wani dare bayan isha'i na dawo daga shago a gajiye tiɓis don lokacin masu umara sun cika gari, ina zaune ina cin ful da tamis ko riga ban cire ba, sai ga ta da littafin tarihinsu na makaranta tace Abba wai ina ne Karak ɗin nan da Salahuddin ya yi ta kai wa yaƙi tana gagararsa? Nace mata ai can Sham ne. Tace Sham ɗin ina, Siriya ko Falasɗinu? Na yi tsuru-tsuru da loma a hannu, uwarta tana ta min dariya daga kicin wai yau malam an zo shafin da ba a biya ba. Toh sai na jawo waya na buɗe taswira, ashe a Urdun take wato Jodan, kuma abin da ya ɗaure min kai shi ne kusancin, daga ƙofar gidanmu nan Madina zuwa can kilomita 1000 ne da 'yar ɗoriya. Mu da muka taɓa zuwa Dammam biki da wannan tsohuwar motar tawa, kuma Dammam ta fi nisa. Bakina ya suɓuce nace ai sai mu je mu gani da idonmu. Kun san yara, magana in ta fita daga bakin uba ta zama bashi, tun daga ranar ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali ba.

Ga 'yan uwa na gida da ba su saba jin kalmar ƙal'a ba, ka ɗauki ganuwa da fadar sarki da barikin soja da rumbunan hatsi da kurkuku ka haɗa su waje ɗaya, ka gina da dutse maimakon tubali, sannan ka ɗora abin a kan tsauni, toh ka samu ƙal'a. Ta Karak tana kan wani dogon tsauni mai tsayin kusan mita 1000 daga saman teku, kwazazzabai masu zurfi sun zagaye ta ta ɓangare uku, ɓangaren da ya haɗe da gari kuma sai suka fafe dutsen suka yi mata gwalalo. Tsawonta kamar mita 220 ne. In gari ya yi garau ana hango Bahar Mayyit daga samanta, tekun nan mai gishiri da mutum ba ya nutsewa a ciki. Daga Amman babban birninsu zuwa wajen kimanin kilomita 140 ne, amma mu ta kudu zamu ɓullo, babu ruwanmu da Amman.

Faranjawa ne suka fara gina ta a 1142, wato Turawan nan na yaƙin Salibiyya da suka kama Ƙudus a 1099. Da na ga shekarar sai Kano ta faɗo min a rai, don tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwa, ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, ɗansa Yusa da ake ce wa Tsaraki shi ya ƙarasa ta kuma shi ne a kan gado har 1194. Kenan lokacin da waɗancan suke sassaƙa dutse a kan tsauni, namu suna can suna kwaɓa ƙasa a gindin Dala, kowa da abin da yake tsoro. Na gaya wa yaran haka ina ta hura hanci, sai na tsakiyan yace toh Abba me ya sa tasu take tsaye tamu ta zube? Nace dutse da ƙasa ba ɗaya ba ne. Sauran amsar na haɗiye ta, duk wanda ya je Kano ya ga yadda gidaje da kududdufai suka cinye ganuwar ya san abin da na haɗiye.

Amma abin da ya sa na ɗauki tafiyar nan da gaske har na fara lissafin kuɗi wani abu ne daban. Me ya kai mutum gina irin wannan ƙaton abu a bakin hamada? Hanya ce. Ayarin da ya taso daga Dimashƙ zai tafi hajji, da wanda zai tafi Masar ko ya fito daga can, ta wannan yankin na gabashin Bahar Mayyit suke bi, wanda duk yake riƙe da Karak ya riƙe maƙogwaron hanyar, in ya ga dama ya karɓi kuɗin fito in ya ga dama ya kwashe ayarin gaba ɗaya. Ni kuma mutum ne da duk rayuwata a kan alhazai take, dabino da tasbaha da dadduma nake sayar musu, kuma dalilin da ya sa aka haife ni a ƙasar nan ma hanyar hajji ce. Kakanmu na wajen uba a ƙafa ya taso daga wani ƙauye a ƙasar Haɗeja, ya bi ta Chadi ya shiga Darfur, ya yi ƙodago a Ubayyid, ya yi noman auduga a Jazira kusa da Mai Wurno inda Hausawa da Fulani suke da yawa, a can ma aka haifi babana, shekara bakwai cur kafin ya tara kuɗin da ya shiga wani jirgin katako daga gaɓar Sudan ya tsallako. Muna yara yana ba mu labarin daren da suka yi a cikin tekun nan ruwa yana shigowa suna kwarfewa da ƙwarya, mu lokacin dariya abin yake ba mu.

Toh ku ji abin da mai Karak ya yi. Sunansa Reno na Shatiyon, Larabawa suna ce masa Arnaɗ. Ya yi wajen shekara 15 a kurkukun Halab, aka fanshe shi a 1176, ya fito ya auri matar da ta gaji Karak, da auren ya samu ƙal'ar. A ƙarshen 1182 mutumin nan ya sa aka sassaƙa jiragen ruwa gunduwa-gunduwa aka ɗora wa raƙuma aka ratsa hamada da su har Aila, inda ake ce wa Aƙaba yanzu, aka harhaɗa su aka jefa cikin Bahar Maliya. Suka gangara suka afka wa Aizab, tashar da ke gaɓar Afirka wajen iyakar Masar da Sudan ta yau, wadda nan ce alhazan da suka fito ta Masar da yamma suke hawa jirgi zuwa Jidda. Suka ƙona jirage, suka nutsar da jirgin alhazai, suka tsallako gaɓar Hijaz har wajen Rabig. Rabig fa, nan Rabig ɗin da muke wucewa in mun bi hanyar bakin teku, kusa da miƙatin Juhfa! Malaman tarihi na Musulmi na lokacin sun rubuta cewa Madina suka nufa. Adil ƙanen Salahuddin da ke riƙe da Masar ya tura jirage ƙarƙashin Husamuddin Lu'lu'u, ya bi su ya cim musu a farkon 1183 ya kama su. Wallahi da na karanta wannan wajen sai na ajiye wayar na yi shiru, don jirgin alhazan da aka nutsar ɗin nan a idona jirgin kaka nake gani da ƙwaryarsa, duk da cewa tsakaninsu shekara ɗari bakwai da wani abu ne.

Daga nan ne Salahuddin ya sa Karak a gaba. A ƙarshen 1183 ya zo ya kewaye ta ya kafa manjaniƙai, irin ƙatuwar majaujawar nan ta katako mai wurga duwatsu, kuma aka yi dace ko rashin dace a cikin ƙal'ar biki ake yi, ɗan matar Arnaɗ ne yake auren ƙanwar sarkin Ƙudus. Turawan da kansu ne suka rubuta cewa uwar ango ta aika wa Salahuddin abincin biki har sansaninsa, shi kuma ya tambaya a wace hasumiya aka kai amarya, da aka nuna masa yace kar wanda ya jefa dutse ɓangaren. Wannan labarin shi uwargida ta fi so, tace kai duniya, ana ruwan duwatsu ana rabon tuwon biki, wannan uwar angon da a Kano take da ta yi suna a unguwa. Sarkin Ƙudus ɗin kuwa, Baldawin na huɗu, kuturta ta ci ƙarfinsa har ba ya iya hawa doki, a kan makara irin ta ɗaukar marar lafiya aka ɗauko shi da rundunarsa, da Salahuddin ya ji suna tafe sai ya janye. Ya dawo a 1184, nan ma gwalalon nan ya hana shi.

Arnaɗ bai daddara ba, ana cikin sulhu ya sake kwashe wani babban ayari da ya fito daga Masar za shi Dimashƙ, aka ce ya mayar ya ƙi. Wannan na cikin abin da ya kai su Hiɗɗin ranar 4 ga Yuli 1187, yaƙin da 'yata take da jarrabawa a kai. Bayan an gama aka kawo sarkinsu na lokacin, Gi na Luzinyan, da Arnaɗ cikin tantin Salahuddin ƙishirwa ta kusa kashe su, ya miƙa wa sarkin ruwa mai ƙanƙara ya sha, sarkin ya miƙa wa Arnaɗ, sai Salahuddin yace a gaya masa kai ka ba shi ba ni ba. Don a al'adarsu wanda ka shayar ya shiga amanarka, ba ka taɓa shi. Ya sare Arnaɗ da hannunsa ya bar sarkin da rai. Da na ba Hajiyarmu wannan labarin ko mamaki ba ta yi ba, tace ai haka ne, shi ya sa ake fara miƙa wa baƙo ruwa kafin a tambaye shi daga ina. Ƙudus ta dawo a Oktoban shekarar, ita kuwa Karak ko da maigidanta ya mutu ba ta buɗe ƙofa ba sai a ƙarshen 1188, kuma yunwa ce ta buɗe ta, sai da na ciki suka cinye dawakinsu.

Bayan su Ayyubawa, wato gidan Salahuddin, suka riƙe ta, Sultan Baibars na Mamalik, sarakunan Masar da suka zo bayan Ayyubawa, ya karɓe ta a 1263 ya ƙara mata gini. Akwai wani sultan na Masar, Nasir Muhammad ɗan Ƙalawun, shi kam Karak ce wajen fakewarsa, a 1309 da manyan fada suka matsa masa sai yace zai tafi hajji, ya fita daga Alƙahira ya zarce Karak ya yi zamansa har ya tara ƙarfi ya koma ya karɓi gadonsa. Shi ne sultan ɗin da Mansa Musa na Mali ya tarar a Alƙahira a 1324 a hanyarsa ta hajji. Ibn Baɗuɗa ma ya bi ta nan da ayarin Sham a 1326, yace ana kiran ta ƙal'ar hankaka, ayarin ya yi kwana huɗu a bayan gari yana shirin shiga hamada, kuma shi wannan mutumin ne daga baya ya je har Takadda ya ambaci Gobir a cikin inda ake kai tagulla. Ka ga duk inda na juya a labarin wajen nan sai na ci karo da hanyar da ta biyo ta gida.

Toh tarihi kenan, shi ba a biyan ko halala a kansa. Yanzu sai takardu, inda gizo ke saƙar.

A nan aka haife ni, a nan aka haifi yarana, amma fasfonmu na Najeriya ne, kore ne shi ma sai dai ba irin koren 'yan ƙasa ba. Maƙwabcina ɗan ƙasa da na gaya masa shirin yace yalla ai Urdun nan ce kusa, ka tada mota kawai ka tafi. Shi gaskiyarsa ce don su ba sa neman biza. Mu kuwa sai kowa ya samu huruj wa auda, wato bizar fita da dawowa ta Saudiyya, riyal 200 kan kowane mutum in fita ɗaya ce ta wata biyu, mu shida ne da Hajiya ka ga 1200 ta tafi tun ba a hau kwalta ba. Na iyali ni zan cire musu ta Absher, manhajar hukuma ta waya, nawa kuma na riga na faɗa wa kafil, wato ɗan ƙasar da nake zaune ƙarƙashinsa, alhamdulillahi mutumin kirki ne yace bayan alhazai sun watse babu mushkila. Sannan iƙamar kowa, wato katin izinin zama, ta zama da sauran rai sosai. Sannan tarar hanya, wadda sai ka biya ta kafin bizar ta fita, na buɗe na duba na ga hotuna uku da kyamara ta ɗauke ni ina sauri, biyu a hanyar Yanbu ɗaya ko tunawa ban yi ba, wannan laifina ne ba na kowa ba, na biya ina ta istigfari uwargida tana cewa Allah ya ƙara. Bizar Urdun ɗin kuma na yanke shawara tun daga nan zan nema a buga mana a fasfo kafin mu motsa, ba zan kwashi tsohuwa da yara kilomita ɗari takwas in je bakin iyaka ina roƙon arziki ba.

Mota ma da nata. Sa'ar da na ci da sunana take ba ta banki ba ce, da sai na nemo takardar izinin fita da ita. Istimara da fahas, wato rajistar mota da gwajin lafiyarta, duk na sabunta. Wani abokina direba da ya saba hanyar Sham yace in yi daftarin tirbitik, wato takardar kwastan ta fita da mota, kuma inshora a bakin iyakarsu ake saye, sannan ya ja min kunne yace ka cika tanki fal a Halat Ammar kafin ka tsallaka don man Urdun ya ninka namu fiye da sau biyu. Kuɗinsu ma nauyi gare shi, dinari ɗaya riyal biyar ne da 'yan kai, in ka ji an ce maka abu dinari goma kar ka yi murna, hamsin da uku ake nufi. Na gaya wa yaran wannan lissafin tun yanzu don kar a je can a fara Abba sayi wannan ai goma ne kawai.

Lokaci kuwa mun sha gardama a kai. Uwargida ta so hutun tsakiyar shekara saboda sanyi, sai da na nuna mata cewa sanyin Karak ba irin na Madina ba ne, wajen tsauni ne har ƙanƙara tana sauka wasu shekarun, ga iska, ga gwiwoyin Hajiya. Ramadan da lokacin hajji kuwa ko mutuwa aka yi da ƙyar nake rufe shago, a nan muke samun na shekara. Sai muka tsaya a kan Muharram, alhazai sun tafi, yara suna dogon hutu, kuma zafin can saboda tsayin wajen wasa ne in ka gwada da namu da ake soya ƙwai a kan bonet.

Ga yadda na tsara hanyar. Mu tashi bayan asuba mu bi ta Haibar da Taima mu kwana a Tabuka, kusan kilomita 700 kenan, ni kaɗai ne direba don haka ba zan ƙara ko taku ɗaya a kai ba. A Tabuka akwai tata 'yar ƙal'ar ta zamanin Usmaniyawa da aka gina a 1559 lokacin Sultan Sulaiman, don tsaron ruwa da alhazan hanyar Sham aka yi ta, ga masallacin Tauba nan kusa, wajen da ake dangantawa da zaman Manzon Allah (SAW) a yaƙin Tabuka shekara ta 9 bayan hijira. Nace wa yara wannan ita ce ɗanɗano kafin a kawo tuwon. Washegari mu kama hanyar Halat Ammar, kamar kilomita 100, mu tsallaka Mudawwara, mu miƙa Ma'an. Daga Tabuka zuwa Ma'an ɗin nan hanyar ayarin Sham ce muke bi a juye, su suna gangarowa Madina mu muna haurawa, kuma ita ce dai layin dogon Hijaz ya bi wanda ya iso Madina a 1908, tasharsa tana nan Ambariyya kullum muna wuce ta ko kallo ba ta ishe mu ba.

Daga Ma'an ne hanya ta rabu biyu kuma nan ma gida ya rabu biyu. Akwai ta hamada, miƙaƙƙiya, ka tafi har Ƙaɗrana ka karya yamma ka shiga Karak. Akwai kuma tsohuwar da suke kira hanyar sarakuna wadda take bi ta kan tsaunuka, ta Shaubak da Ɗafila ta gangara Wadil Hasa ta sake haurawa, kwana-kwana ce kamar hanjin akuya. Ni ita nake so, don a Shaubak akwai wata ƙal'ar da ta girmi ta Karak, ta 1115, ita sai 1189 ta faɗi, kuma ta wannan hanyar zaka ga abin da mai tafiya a kan raƙumi ya gani, tsaunin yana tasowa a gabanka a hankali. Uwargida tace ita kanta juyawa yake ko a hanyar Hada ta Ɗa'if, in na kuskura na bi da ita ta nan in tanadi leda. Mun sasanta, zuwa ta kan tsauni a hankali da tsaye-tsaye, dawowa ta hamada.

Hajiya fa da farko ba ta cikin lissafi. Ranar da na je gaishe ta na faɗa mata, kallona ta yi tace yanzu kai da girmanka zaka kwashi iyali ka ƙona mai ka je kallon kango? Duwatsu ne babu a Madina, ga Uhudu nan ka je ka kalla har ka gaji. Nace Hajiya ai tarihi ne. Tace tarihin ya ci ƙaniyarsa. Ina shirin tashi sai na ce mata dama hanyar ta Mu'uta zata bi da mu, kilomita goma sha kaɗan ne kafin Karak, kuma a garin Mazar da ke gefensa aka binne Zaidu ɗan Harisa da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib da Abdullahi ɗan Rawaha, Allah ya ƙara musu yarda. Sai ta ajiye carbin. Tace Ja'afar mai fukafukai? Nace shi. Ita da ta haddace labarin tun a makarantar allo, yadda su dubu uku suka fita daga nan Madina zuwa yaƙin Mu'uta a shekara ta 8, tuta ta faɗi daga hannu zuwa hannu har ta zo ga Halidu ɗan Walidu, tace ashe wajen yana nan ana zuwa? Ƙanina da yake karatu a jami'a yana gefe ya gyara murya yace Hajiya kin san dai ba a ɗaura sirdi don ziyara sai zuwa masallatai uku. Tace toh malam, ni jikokina zan raka kallon kango, hanya ce ta biyo da ni ta kan bayin Allah, in yi musu sallama ko in rufe ido in wuce? Bai ƙara magana ba. Ni dai na san tun daga ranar kangon ya daina zama kango a bakinta, ya koma wajen nan da zamu.

Shigarta cikin tafiyar ta sa na koma na yi ta kallon hotuna da bidiyon cikin ƙal'ar da idon mai ciwon gwiwa. Abin da ake gani a sama kaɗan ne, yawancin ginin a ƙarƙashi yake, hawa-hawa, dogayen zauruka masu rufin bakan gizo na dutse wasu a kan wasu, wasu da 'yan ƙofofin haske a sama wasu duhu ƙirin. Akwai dogon zauren da aka yi bargar dawaki da shi, akwai madafa da wajen gashin burodi, da wuraren tara ruwan sama, da kurkuku, da ragowar cocin Faranjawa, can ƙarshen kudu kuma ga babbar hasumiyar Mamalik mai kaurin bango. Tagogin harbin kibiya su suka fi burge ni, daga waje tsaga ce siririya ko hannu ba zai shiga da daɗi ba, daga ciki kuwa ta buɗe yadda maharbi zai tsaya ya juya bakansa hagu da dama. Wani abin da na ce wa babbar ita zata nuna mana shi da kanta, tunda ita ta jawo, shi ne bambancin dutsen. Na Faranjawa baƙi-baƙi ne, sassaƙar gaggawa, kamar ginin wanda yake jin ƙarar kofato a bayansa, na Mamalik kuwa fari-fari ne an goge shi an jera tsaf. In ta iya tsayawa gaban bango ta ce min wannan na wane ne wancan na wane ne, kuɗin maina bai tafi a banza ba.

Don haka kayan da na rubuta: tocila guda biyu ban da ta waya, takalmi mai kama ƙasa ga kowa don dutsen ya sha taku ya yi santsi, babu mai shiga min da silifas, ruwa da yawa, da 'yar kujerar nan mai naɗewa da Hajiya take zuwa Harami da ita. Ita a sama zamu ajiye ta inda iska take kaɗawa da fulas ɗin shayinta, ba zata sauka ramukan nan ba. Auta kuma hannunsa a cikin nawa daga shiga har fita, yaron nan ko a saman bene ba a yarda da shi ba balle inda ƙasa take can ƙasa kamar rijiya gaba dubu. Da sassafe nake so mu shiga kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso, shi ya sa zamu kwana a cikin garin maimakon mu zo a gajiye mu leƙa mu wuce.

Abinci kam an gama magana, mansaf. Shinkafa da naman rago da miyar jamid, wato nonon tumaki da ake busarwa ya zama dunƙule kamar dutse sai an jiƙa an dama, kuma duk Urdun an san jamid ɗin Karak shi ne na gaba. Hajiya da na kwatanta mata tace wato kindirmo suka shanya suka zuba wa shinkafa, Allah ya kyauta, ita dai a bar ta da dambun namanta. Ta riga ta ba da kuɗin nama an fara yi mata, har da yaji da kuka wai ko za a samu inda za a ɗora tukunya. Nace Hajiya kwana biyar ne fa gaba ɗaya. Tace kakanku ma da ya fito cewa ya yi baɗi war haka yana gida.

Saura abu ɗaya da ya tsaya min a wuya, kuma shi ma ni na jawo. Jiya da daddare na zazzage jakar takardu ina jera fasfo ɗaya bayan ɗaya a kan dadduma, na kowa lafiya lau, da na buɗe na auta sai na ga wata biyar ya rage masa, ana kuma son a ga wata shida. Na yara shekarunsa ba sa jira, ni kuma na sa a raina tare muka yi da na yayarsa ashe nasa ya riga. Yanzu dole in rufe shago rana guda in gangara Jidda da shi a yi masa sabo, sannan a dawo a mayar da bayanan sabon a kan iƙamarsa kafin a yi maganar wata biza. Na lissafa, in aka fara makon nan akwai isasshen lokaci kafin Muharram.

Babbar ta zana hanyar a takarda ta manna a jikin firij, Madina a ƙasa Karak a sama, ta sa ɗigo a Haibar da Taima da Tabuka da Ma'an da Mu'uta. Ɗazu Hajiya ta kira ni, ko gaisuwa ba mu gama ba tace an gyara esin motar kuwa? Nace gobe zan kai ta. Tace toh ka kai, kuma ka faɗa wa matarka tun yanzu kujerar gaba tawa ce.